Jaririyar da ba ta kuka

Assalamu alaikum. Wata bakwai ban ce uffan ba a nan. Masu tambaya ko fushi na yi, wallahi gajiya ce kawai.

Aiki aka yi mini aka ciro ɗiyata Hadiza. Da za a sallame ni daga asibiti a Matameye, lokotoro, wato likita, ya rubuta mini tramol, ya ce, "Kwana uku, kada ki ƙara."

Na tafi jego wurin Inna a Kurni. Magani ya ƙare, ɗinki bai daina ja ba. Na nuna wa mai tallan magani kwalin, ya ba ni irinsa. Ɗaya ta koma biyu, biyu ta koma huɗu. A raina, abin da aka rubuta mini a asibiti ai ba ƙwaya ba ne.

Hadiza ba ta kuka, sai barci. Ko nono sai na tashe ta, ta ja kaɗan ta saki. Masu zuwa barka suna ta cewa, "Kin yi dace, 'yar nan akwai haƙuri." Inna ta ce halin kakanta ta ɗauko. Ni ma har ina jin daɗi.

Ranar awo, ungozomar asibiti ta ɗora ta a sikeli, ta ɗaga fatar idonta, ta dube ni.

"Baiwar Allah, me kike sha?"

Na ce kunun kanwa.

Ta ce, "Ban da kunu."

A ranar aka tura mu asibitin Damagaram. Ashe ta nono maganin yake shiga jikinta, har numfashinta ya yi ƙasa. Kwana tara da roba a hancinta, ga awon jini, ga ƙarin ruwa. Inna ta sayar da tunkiyarta. Aka hana ni shayarwa, ana rage mini maganin a hankali. Gumi, amai, ƙasusuwa kamar an daka. Na ji tsoro, na ji kunya, kunyar ta fi.

Kafin a ce in ci gaba da ba ta, nonon ya ƙafe. Madarar gwangwani take sha.

Alhamdulillahi mun tashi, ni da ita. Allah ya saka wa Inna, da ungozomar da ta ƙi yarda da zancen kunu.

'Yan'uwa mata, in magani ya ƙare ciwo bai tafi ba, ku koma asibiti, kada ku kai wa mai talla kwali. In jariri ya cika shiru, a kai shi a duba. Tawa kwana arba'in ana yabon haƙurinta, saura ƙiris in binne ta.