Addu'ar da Baba Ya Hana

Mu asalinmu Maguzawa ne na wajen Wagini. Kakata ta wajen uba an haife ta tun Katsina na kai gaisuwa Sakkwato, kuma har ta rasu ba ta daina zuba wa kakanni giya a gindin tsamiyar gidanmu ba. Mahaifina ne ya fara barin wannan. Ya bi 'yan mishan, ya koyi karatu da furfurarsa, ya riƙe Littafi Mai Tsarki riƙon da ban taɓa ganin irinsa ba. Duk abin da ka kawo masa na addini, tambayarsa ɗaya ce: a ina aka rubuta?

Ni kuwa aure ya kai ni Babban Duhu, gidan 'yan Katolika. Baba bai hana ba, amma bai yi murna ba. A can na koyi jan carbi, na koyi cewa akwai abin da manzanni suka bari a baki, ikilisiya ta riƙe shi hannu zuwa hannu tun kafin a tattara Littafin wuri ɗaya.

Da Inna ta rasu, ana cikin girbin wake, na zo zaman makoki. Bayan mutane sun ragu na durƙusa gaban Baba na ce ina so Fada, limamin cocinmu, ya yi mata addu'a a can, Allah ya tsarkake ta ya karɓe ta.

Sai ya ce, "Uwarki ta ba da gaskiya tana da rai. An gama. Me za ki ƙara mata?"

Na ce, "Baba, tun zamanin manzanni masu bi ke yi wa matattunsu addu'a."

"Nuna mini ayar."

"Ba komai aka rubuta ba, Baba. Littafin ma ai ikilisiya ce ta adana shi har ya iso hannunku."

Ya ce, "Haka tsohuwata take ce mini a gindin tsamiya, wai haka muka tarar. In na buɗe wa 'haka muka tarar' ƙofa, ban san abin da zai biyo ta ba."

Sai a ranar na gane ba taurin kai ba ne. Tsoro yake ji kada ya koma inda ya fito, bayan 'yan'uwansa sun yi shekaru ba sa cin tuwo da shi saboda ya bar maguzanci.

Duk da haka na sa aka yi addu'ar. Ranar da aka yi, muna fitowa daga coci sai na hango jakinsa ɗaure a jikin darbejiya, shi kuma yana zaune a ƙasa, hularsa a kan gwiwa. Bai shiga ba. Na je na gaishe shi, ya amsa, ya tambayi mijina da yara. Da muka isa gida ya ci abinci, sannan ya ce, "Ban yarda ba har yanzu. Amma uwarki ce, ba zan bar ki ke kaɗai ba."

Ba mu sake tayar da zancen ba sai da ciwon ajali ya kwantar da shi. Ina ba shi kunu ya riƙe hannuna ya ce, "Ni kada ki sa a yi mini. Ki karanta wa yaranki Littafi, ya ishe ni."

Na ce to.

Na cika alkawari. Duk shekara in ana ambaton sunayen matattu a cocinmu, nakan ba da na Inna, na Baba kuwa in bar shi a bakina. Mijina ya sha ce mini ba laifi in na yi a ɓoye. Ban yi ba. Wani lokaci hakan kan yi mini nauyi har in kasa cin abinci ranar.