Ranar da na kuskure kurciya da gangan

Shekarata huɗu ina tuƙa kafil ɗina a Riyad, wato ubangidan da ya ɗauki nauyin zamana a ƙasar, wani dattijo mai gida a Al-Naseem, ban taɓa bari ya san na san bindiga ba. Mahaifina maharbi ne, a kafaɗarsa na girma. Amma a shekarun nan duk labarin da ke fitowa daga arewacin Najeriya na harbe-harbe ne, ni kuwa iƙamata, wato takardar izinin zama, saura wata biyu ta ƙare, kuma sa hannunsa kaɗai zai sabunta ta. Don haka ko jakar bindigarsa zan ɗauka, sai in riƙe ta kamar wanda aka ba jaririn wani.

Wata Alhamis muka je shagon kayan farauta. Ya sayi sabuwar shozan, wato bindigar harbin tsuntsu, yana neman 'yan bututun ƙarfen da ake murzawa a bakinta. Wani yana matse ƙwayoyin harsashi su yi nisa a dunƙule, wani ya bar su su bazu kusa. Mai shagon ya jera biyar a kan gilashi, yana ta yabon mafi matsi. Na ga dattijon ya kai hannu. Ni kuwa na san inda yake farauta, cikin dabinon gonarsa, inda kurciya ke tashi a gaban hancin mutum. Da wannan matsattsen, ko dai ya kuskure ko ya mai da tsuntsu dambu.

Bakina ya riga hankalina. Na ce, "Ɗala umrak, ranka ya daɗe, wannan mai faɗin ya fi. A kusa kake harbi."

Mai shagon ya dube ni daga silifa har hula. Dattijon ya juya bututun a tafin hannunsa, ya ce, "Ya sadiƙ, abokina, a ina ka koyi bindiga?"

Na ce gani kawai nake yi idan na raka shi. Ya sayi wanda na nuna, amma har muka isa gida ina kama idonsa a madubi. Haushin kaina ya ishe ni.

Da Asabar muka je gonar. Ya harbo kurciya huɗu a jere. Sai ya ɗura harsashi, ya miƙo mini bindigar, abin da bai taɓa yi ba.

"Bismilla. Mu ga naka."

Har yau ban san ko karamci ne ko tarko ba. Murmushi yake yi, amma ya ja baya taku biyu. Kurciya ta tashi daga dabino, a hankali, a buɗe, irin wadda nake saukewa tun ban fi shekara goma sha biyu ba. Hannuna ya bi ta da kansa. Sai na ɗaga bakin bindigar sama da ita, na harba, na kuma bari ƙotar ta doke ni a kafaɗa har na yi tangaɗi.

Ya yi dariya har da tari. Na ga kafaɗunsa sun sauka. Ya karɓi bindigarsa ya ce, "Kai dai tsaya a sitiyari."

Mako biyu bayan haka ya sabunta iƙamar. Shekara uku na ƙara yi a gidansa, kuma duk baƙon da ya zo majalisa sai ya ba shi labarin direbansa da bindiga ta kusa kayarwa. Ni ne nake zuba musu gahawa, ni ne kuma nake fara dariya.