Cikin Akuyar Goggo

Mun tashi da asuba daga Kano, ni da wani abokina malamin dabbobi, muka nufi wani ƙauye gaba da Ɗambatta. Goggona ce ta aiko cewa akuyarta ta wuce watan haihuwa, har yanzu shiru. Ita kaɗai ta rage mata, sauran duk an kai su kasuwa an sayo hatsi. Da cikin nan take sa ran sake tara garke.

An cusa mu a bas kamar buhuna, kuɗin mota kuma ba a magana. A Dawanau ga hatsi nan tuli, sai dai kallo. Ƙosan da muka saya a tasha ya ƙanƙance, har abokina ya ce shi ma yana buƙatar ganin likita. Daga Ɗambatta muka hau acaɓa. Gona na manne da gona, shi ya sa da damina kowace dabba a turke take wuni, sai an kawar da amfani a sake ta. Abin da ya tsaya mini a rai shi ne baƙaƙen ledojin da suka rufe gonakin. Mai babur ya ce tunda takin zamani ya fi ƙarfin talaka, sharar birni ake sayowa a tifa a zuba.

Goggo ta tarbe mu da fura wadda ruwa ya fi yawa, ta ja mu wajen akuyar tana alfahari. Ciki ya yi tirtsitsi, amma ƙashin baya duk a waje, ido ya faɗa. Ashe ɗan ƙanzon da take jiƙawa ta karya da shi, akuyar take ba wa.

"Mai ciki ta fi ni buƙata," in ji ta.

Abokina ya durƙusa, ya daɗe yana latsa cikin.

"Inna, babu ɗa a nan. Leda ce ta cika tumbin. Yunwa da rashin kanwa ke sa su ci."

"Ɗan nan, da hannuna na ji yana motsi."

"Numfashinta kika ji, Inna."

Ya ce abin ya yi nisa, ko tiyata ba za ta ɗauka ba. Aka kira mahauci kafin ta zama mushe. Goggo ta ƙi shiga ɗaki. A gabanta mahaucin ya yanka akuyar, ya zaro dunƙulen leda mai wari daga tumbin, ya kai girman ƙwarya. Ba ta yi kuka ba, ni ne na kau da kai.

Abokina ya tara mazan gidan, ya ce a riƙa tsince leda kafin a saki dabba, a ba ta kanwa da ruwa. Ɗan Goggo, wanda ya zuba sharar a gonarsu, ya saurara har ƙarshe.

"Mun ji, Malam. Amma in ban zuba ba, gero ba zai yi ba. Wa za a bari da yunwa, mu ko ita?"



Bayan la'asar muka kamo hanyar gida raina a ɓace, tifofin shara suna wuce mu zuwa arewa. Tafiyar ta koya mini cewa mutanen nan ba tausayi suka rasa ba. Mu 'yan birni mun iya wa'azin jin ƙan dabba, alhali shararmu ce ke kashe ta. Goggo ta ce ba za ta iya cin naman ba, ta sa aka ɗibar mana. A baƙar leda aka ƙunso mana shi.