Baba Issoufou Mai Wankan Macizai

Kowace safiya, in ya sha kununsa, Baba Issoufou yakan ɗaure baho da farin zane a bayan moto, ya bar unguwarsu Gamkalley. Masu lambu su ɗago kai suna tsokanarsa: "Mai wankan macizai, a sauka lafiya!" Aikinsa ke nan tun yana saurayi: raba macizan da mutane ke kiwo da wasu baƙaƙen ƙwari, ko ƙuma ta fi su girma, masu maƙalewa a gefen ido da ƙarƙashin haɓa suna shan jini har maciji ya rame ya mutu.

Mutanen unguwar Lazaret ba su manta da mesar Hajara ba. Mijinta Illo gardi ne, mai wasa da macizai. Da ya rasu, mesar nan kaɗai ya bar mata cikin akwatin katako. Tsoronta take ji, abinci ma da sanda take tura mata, amma ta ƙi rabuwa da ita. Sai mesar ta daina ci, ta koma wuni cikin kwanon ruwa, ɗigo-ɗigo baƙi na yawo a kanta. Hajara ta ɗauko hodar ƙuman kaji. Tana kwance ƙullin ke nan Baba ya yi sallama, ashe maƙwabciya ce ta kira shi.

"Hajara, dakata! Wannan hodar sai ta riga ƙwarin kashe ta."

"To Baba, ai ita muke sa wa kaji."

"Kin ga fuka-fuki a jikinta?"

Ya haɗa ruwa mai ɗumi-ɗumi, ya gwada da gwiwar hannu kamar wankan jariri. Ya ƙone ciyawar akwatin, ya wanke katakon ya shanya, ya shimfiɗa farin zane don duk ƙwaron da ya rage ya nuna kansa. Sannan ya ce, "Riƙe mini wutsiya."

"Ni? Wallahi ko Illo bai taɓa sa ni ba!"

"Illo ƙaƙƙarfa ne. Ni tsoho ne, ɗiyata."

Ta riƙe, hawaye na zuba, shi kuwa yana share gefen idon mesar da auduga da ɗan man gyaɗa. Haka ya yi ta zuwa, har ranar da zanen ya wayi gari fari tas, mesar ta karɓi ɓera.

Baba, kai ne ka durƙusa gaban abin da kowa ke gudu. Kai ne ka gane ba mesa kaɗai ke jinya a gidan nan ba.

Bana ya ajiye aiki, don idanunsa sun daina ganin ƙwarin. Mun gode, Baba Issoufou, Allah ya saka da alheri. Mu kuma da muke da sauran ido, mu koyi tausayin nan nasa.

Bahon da zanen suna Lazaret yanzu. In ka kai maciji mai ƙwari, Hajara ce za ta gwada ruwan da gwiwar hannu, ta dube ka ta ce, "Riƙe mini wutsiya."