Ranar da Na Kwantar da Doya a Gadon Jarirai

A layinmu na Aboabo akwai wani gadon jarirai na katako da ba wanda zai ce nasa ne. Tsofaffi sun ce daga jirgin ruwa aka sauke shi, bayan 'ya'yan wasu Turawa sun gama da shi. Ni dai a ganina, da za a tara jariran da suka kwana a cikinsa, sai sun cika filin ƙwallo, wasu su hau katanga. Duk gidan da aka haihu, washegarin suna za ka hango shi bisa kan wani yana tafe, ƙafafu a sama.

Katifar ta yi masa kaɗan, akwai rata tsakaninta da sandunan gefe. Shi ya sa kowace mai jego kan yagi ƙyalle daga zaninta, ta naɗe, ta cusa a ratar, ta bar shi nan don albarka. Ba a cirewa. Gwaggo, ƙanwar mahaifina, ita ke faɗin gidan da gadon zai je, kuma wanda ya taɓa ƙyallayen nan ita ya taɓa.

Da 'yata ta dawo gida wankan haihuwar fari, gadon ya iso mana, ya yi dam da tsummoki kamar ɗan kasuwar da ya dawo daga fatauci. 'Yar tawa ta ja ni gefe.

"Baba, a asibiti sun ce kada a bar komai mai laushi inda jaririya ke kwana. Katifa mai tauri wadda ta cika gadon, a kwantar da ita rigingine, shi ke nan. Wai fuska na iya nutsewa a ƙyalle."

"To ki gaya wa Gwaggo mana."

"Ni? Ai kai ne ɗanta."

Ɗan nata kuwa ya ba hamsin baya, amma har yau idan ta ɗaga gira sai na nemi inda zan ɓoye cikina. Sai dai ni mutumin Magazin ne, unguwar makanikai ta Suame, inda nake sayar da kayan gyaran mota, kuma can ba ma musu da baki. Injin da aka ce lafiyarsa ƙalau, a tayar mu ji. Na fita na zaɓo doya mai kai da nauyi kamar na jikata, na naɗe ta da tawul, na shigo da ita bayan la'asar. Gwaggo na zaune a baranda da tasbaharta, matata na riƙe da jaririyar.

"Ɗan nan, ampesin doya za ka dafa mana a gadon?" in ji Gwaggo.

"Gwaji ne, Gwaggo. Trotro ma, motar haya, sai an taka birki an ji kafin a ɗauki fasinja, balle gadon amaryata."

"Amaryar taka tun yanzu ta fi ka hankali."

Na kwantar da doyar a tsakiyar katifa, na tura ta da yatsa ɗaya, kamar yadda jariri kan mirgina. Ta gangara gefe a hankali. Ƙyallayen suka buɗe mata, kanta ya shige, suka rufe a kansa ba ko motsi. Tawul kawai muke gani.

Da dariya na zo, na ma tanadi abin da zan faɗa. Ban san inda dariyar ta tafi ba. Matata ta ƙara matse jaririyar a ƙirji.

"Sake," Gwaggo ta ce.

Na sake. Haka ta kuma yi.

Ta ajiye tasbaha, ta taso, ta tura hannu cikin ratar har ya wuce wuyan hannu. Ta daɗe a sunkuye.

"Duk yaran nan," ta ce. "Ashe Allah ne ke gadinsu muna can muna daka."

Ita da kanta ta zaro ƙyallen farko. Matata ta gane shi, ankon bikin maƙwabciyarmu ne. Na biyu na mai kokon bakin masallaci, wadda ɗanta ke jan tirela zuwa Yamai yanzu. Suna fitowa, matan suna kiran masu su: wannan ta koma Tamale, wannan ta rasu, ɗan wannan shi ke limancin Ayigya. Tsakar gidanmu ta cika da mutanen da ba sa nan.

Can ƙasa, manne da katako, akwai wani shuɗi da ya koɗe har ya kusa zama fari. Gwaggo ta kakkaɓe shi, ta miƙo mini.

"Na uwarka ne."

Na dubi gadon, na dubi cikina, wanda yaron mota kan kalla ya girgiza kai. Wai ni na taɓa shiga nan, har da sauran wuri. Fuskata ta kwana dab da wannan ratar, mahaifiyata ta toshe ta da abin da take da shi, kuma ga ni a tsaye da jika. Na sa ƙyallen a hanci. Ƙurar katako kawai na ji, amma na kasa sauke shi.

Washegari mai yi wa motoci kujera a Magazin ya yanka mana katifa mai tauri daidai gadon, ko yatsa ba ya shiga gefe. Na ɗaure kowane noti. Ƙyallayen kuwa Gwaggo ta sa aka wanke, ta kitsa su a ƙafafun gadon, can ƙasa inda hannun jariri ba ya kaiwa. 'Yata ta yagi nata ta ɗaura kusa da na kakarta.

Aka kwantar da amaryata rigingine a fili fetal, ba matashi, ba komai. Na tsaya ina kallon ƙirjin nan da bai kai tafin hannuna ba yana hawa yana sauka, har matata ta zo ta tambaye ni ko a dafa doyar.

Aka dafa. Na kai loma baki na kasa. Gwaggo ta jawo kwanon gabanta, ta ce tunda ni na haifi doyar, ita ba ruwanta.