Sifikar Motar Yayana

Shekarata uku da kama haya a unguwar Bagama da ke Suleja na sayi hom-tiyata na hannu. Ƙananan sifikunsa biyar duk suna aiki, amma wufar, wato babbar sifikar da ke fitar da sauti mai kauri, ta mutu tun kafin ya zo hannuna. In muna kallon fim da iyalina aka yi tsawa, sai ka ji kamar an buga gwangwani. Sabuwa ta fi ƙarfina, ga kuɗin motar zuwa aiki Abuja kullum. Sai na ce bari in haɗa tawa.

Sifika kam ina da ita, inci goma sha biyu, ta bas ɗin marigayi yayana da ya yi shekaru yana jigila tsakanin Suleja da Kaduna. Ranar da za a sayar da motar bayan rasuwarsa, ni na kwance ta daga ƙarƙashin kujerar baya. Bakinta ya taɓa yagewa, shi da kansa ya liƙe wurin da gam da jan ƙyalle. Na naɗe ta a tsohon bargo na adana.

Wata biyu na yi ina zane. In cunkoso ya riƙe mu a hanya sai in ciro waya in yi ta karanta yadda ake auna akwatin wufa. A nan na gane cewa in ya yi ƙanƙanta sautin shaƙewa yake, in ya yi girma kuma ya saki. Na tsara a huda gaba ta hagu a sa guntun fayif ɗin ruwa don iska ta riƙa fita, a shimfiɗa soson tsohuwar katifa a ciki. Matata ta leƙa takardar ta ce, "Maigida, akwati ne wannan ko gida za ka gina mana?"

Akwai abokina kafinta a Maje. Shi ya nemo min ɗakin da nake ciki lokacin da ban san kowa ba a garin, kuma da shi aka ɗauki gawar yayana. Na kai masa zanen da sifikar, don ya yanka ramin daidai da ita.

Ya jujjuya ta ya ce, "Allah ya ji ƙan Yaya. Mutumina, ba ni sati biyu."

Sati biyu suka zama wata uku. Yau babu wuta, gobe katakon da aka kawo ba shi da kauri, jibi an ba shi aikin ƙofofin sababbin gidajen da ake ta ginawa a gonakin Maje. Ban taɓa matsa masa ba. Har kunya nake ji in tambaya, kada ya ga kamar ban yarda da shi ba.

Wata Asabar da la'asar na je Diko karɓar saƙon da ƙanwata ta aiko daga Kaduna. Motar ta makara, na zauna a benci kusa da wani gidan kallon ƙwallo. Da aka ci, sai na ji ihun filin wasan ya doki ƙirjina ta cikin langa-langa. Irin sautin da nake mafarki ke nan. Na tashi na leƙa.

Akwatin yana ƙarƙashin talabijin, an yi masa baƙin fenti. Fayif ɗin yana gaba ta hagu. Na matsa na durƙusa, sai ga jan ƙyallen yana rawa.

Mai gidan kallon ya zo ya tsaya a kaina. "Oga, ta burge ka ko? Wani kafinta ne a Maje ya yi min. Basirarsa ce, shi ya ƙirƙiro ta. Ba ni kaɗai ba ma, mutum biyu sun sa ya yi masu."

Na karɓi saƙona na hau mashin zuwa Maje.

Na tarar da abokina yana goge ƙofa. Zanena na manne a bango da ƙusa, rubutun hannuna ne, ga akwatuna biyu sababbi a ƙasa.

Na ce, "Daga Diko nake."

Bai ɗago ba. Can ya ce, "Mutumin ya zo ya gan ta ya nace. Ai sifika sifika ce, mutumina. Zan sa maka sabuwa fil, wadda ta fi waccan."

"Ka san ko ta wa ce."

"Na sani. To wanda ya tafi ya tafi. Addu'a yake buƙata, ba sifika ba."

Da ƙarya ya yi min da ta fi min sauƙi. Na fizge zanena daga bango har gefensa ya yage. Ina fita ya ce, "Ɗauka mana, ai na haddace."

Washegari na koma Diko na gaya wa mai gidan kallon gaskiyar magana. Mutumin kirki ne. Ya yi salati, ya ce in yi haƙuri a gama wasannin ranar, in zo Litinin in karɓa. Da na tashi daga aiki ran Litinin na je, sai ya miƙo min ita a leda yana sunkuyar da kai. An ƙure mata ƙara ran Lahadi, wayar cikinta ta ƙone. Har lokacin tana ƙauri. Mai gyaran rediyo ya duba ya ce ko an sake naɗa ta ba za ta koma yadda take ba.

Bayan kwana huɗu ɗan acaɓa ya kawo min sabuwar sifika a kwali daga Maje. Matata ta ce in karɓa a wuce wurin, zumunci ya fi kaya. Na ce wa ɗan acaɓan ya mayar.

Da matar kafintan ta haihu bara, iyalina sun je suna. Ni na tsaya a bakin layi na jira su.