Sharar da na yi wa hanya

Babana ya yi shekaru yana riƙe da injin fasa dutse a ramin haƙar yuraniyom na Akokan. Da kasuwar yuraniyom ta faɗi aka sallame su, ya dawo gida da hular kwano ɗaya da kunnuwan da ba su jin komai. Ko ganga ka buga a bayansa ba ya waiwayawa. Ni kuwa a lokacin, aurena ya riga ya mutu, ina gida, ni ke kula da shi.

Masallaci yana tsallaken hanya, daidai ƙofarmu. Sau biyar a rana yake ƙetarawa, buta a hannu, kai a sunkuye. Tun da tawaye ya tashi, mota ba ta fita zuwa Agadas sai cikin ayari da rakiyar soja, wanda ya makara kuwa ayari ya bar shi. To, duk direban da ya makara ta layinmu yake yankewa, a guje kamar an koro shi. Rannan wata babbar mota ta shafi gefen rigar Baba, buta ta yi sama. Shi bai ma san me ya faru ba, sai faɗa yake yi, wai wa ya ture masa buta. Ni zama na yi a ƙasa.

Muka yi tudu a hanya don motoci su rage gudu. Maƙwabcinmu ne ya yi aikin, wani dattijo mutumin Abzin da fari ya cinye masa dabbobi, ya shigo gari yana noman garka, wato lambu. Shi ya yi ta jido laka da duwatsu a kan jakinsa. Bayan kwana uku aka turo ma'aikata daga ofishin magajin gari aka baje tudun, wai ba mu da takarda. Takarda! Na ce musu su motocin wa ya ba su takardar take mutane? Ko kallona ba su yi ba.

A lokacin an fara dasa nakiyoyi a hanyoyi. Direbobi suka koyi bin sawun tayar motar da ta riga su, ba su kauce masa ko da taki ɗaya. Wata safiya ina sharar ƙofar gida, raina a ɓace, na zarce har tsakiyar hanya ban lura ba. Motar farko da ta zo ta ja birki. Direba ya leƙo, ya ga rairayi lumui babu sawu, ya lallaɓa ta gefe kamar mai ɗauke da ƙwai. Ta biyu ma haka.

Ashe maganinsu ke nan! Daga ranar, kullum da sassafe sai in share hanyar daga bango zuwa bango. Wasu suka daina biyowa ma gaba ɗaya. Baba yana ƙetarawa abinsa, ni kuwa ina jin kaina wata mai wayo. Wallahi na ji daɗi.

Bai kai sati biyu ba sojoji suka zo. Suka tare layin, suka bi ƙasa da na'urar neman nakiya, ba su samu komai ba. Suka tambaya wa ke taɓa hanyar nan da safe. Wani ya ce akwai dai mai jaki da ke fita da wuri, kuma kwanan baya an ga yana tona a nan. Suka fito da dattijon, rawaninsa a warware. Ina laɓe a bayan ƙyaure, tsintsiya a hannuna, ina kallo. Na bari suka tafi da shi. Tsoro ne, ba ni da wani suna da zan ba shi.

Washegari na durƙusa gaban Baba. Kurma ba a yi masa raɗa. Dole na kafa baki a kunnensa na ɗaga murya: “Baba, ni ce! Ni ke share hanya don kada mota ta buge ka!” Sau uku na faɗa kafin ya gane, duk unguwa ta ji, har matar dattijon ta bayan katanga.

Baba ya karɓi tsintsiyar, ya sa ni gaba har bariki. Sai da aka kwana tara kafin a sako mutumin. Na je ba shi haƙuri, ya ce, “Ba komai, ɗiyata,” bai ɗago ido ba. Kafin wata ya ƙare ya ɗora kayansa a jaki, suka koma duwatsun Abzin, inda babu ko akuya ɗaya da ke jiransu.

Ranar da suka tafi, lokacin azahar ya yi, na miƙa wa Baba buta. Ya yi alwala, ya shimfiɗa buzunsa a bakin zaure. Na nuna masa masallaci da hannu. Ya ce, “'Yar nan, in ƙetarawata ce ta kori bawan Allah daga gidansa, na bar ta.”

Bai sake taka hanyar ba har ya rasu. Daga bakin zaure yake hango bayan sahu na ƙarshe, in sun sunkuya ya sunkuya, motoci suna wucewa tsakaninsu a guje.